Bokitin Korbinian

Ranar da Fada Emmeram na gidan 'yan zuhudu ya hawo tudunmu, ina tsakar gida ina wankin ganguna. Tun daga kwanar gidan mai burodi na hango baƙar rigarsa, yana tafe yana tsayawa yana mayar da numfashi. Shekara talatin da 'yan kai mutumin nan bai tako ƙofarmu ba. Ko ranar da aka fita da gawar mahaifiyata wani ya turo. Na ci gaba da wankina kamar ban gan shi ba.

Na san abin da ke tafe da shi, duk garinmu Aichenfurt ma an sani. A farkon bazarar nan kogi ya cika ya batse, ya shiga gidan 'yan zuhudu ta ƙofar baya, ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da suke ajiye giya har rufi. Da ruwan ya janye sai laka da matattun kifaye. Tukwane an wanke su, bango an kankare, amma yisti ba ya wankuwa. Nasu ya mutu gaba ɗaya, babu randar da ta tsira.

Mai dafa giya na gaske ba ya sayen yisti a kanti. Daga wannan dahuwa ake kwalfar na mai zuwa, kamar yadda ake rage tsohon nono a zuba wa sabuwar madara. Kowane gida da nasa, kuma shi ne ɗanɗanon gidan. Su 'yan zuhudu da nasu suke tinƙaho. A jikin kowace kwalba sun rubuta cewa shekara ɗari tara yistinsu bai taɓa fita daga katangar gidan ba, kuma a kakar bana za su yi bikin cika shekarun, har da manyan baƙi daga birni. Ko ɗan abin da masu binciken jami'a suka roƙa a ba su su adana saboda irin wannan rana, Fada Emmeram hana su ya yi. Wai abin gidan Allah ba ya kwana a waje.

Ƙarya ce, kuma kowace tsohuwa a garin nan ta san ƙarya ce. Da sojojin Suwidin suka ƙone gidan, a tulun wani manomi yistin ya zauna har aka sake gini. Da gwamnati ta kori 'yan zuhudu ta ƙwace musu komai, matar mai niƙa ce ta riƙa ciyar da shi a bayan murhunta, sai jikokinta ne suka mayar. Haka tarihin gidan nan yake tun fil azal. In masifa ta zo gari ya ɗauki abin ya raine shi, in ta wuce a karɓe a ce bai taɓa fita ba. Na ƙarshe da ya fita da shi ubana ne, Korbinian Haslbeck, kuma shi kaɗai aka kira ɓarawo.

Akwai al'ada tsakanin masu dafa giya da ta girmi duk wata doka ta takarda. Wanda yistinsa ya mutu, ko wanda zai kafa tasa tukunyar, in ya je wurin ɗan'uwansa mai sana'a, ko da ba sa ga maciji, ba a hana shi. Ba a sayar masa, ba a ja masa rai. A zuba a bokiti ya ɗauka ya tafi. In giyar farko ta nuna, shi da ya karɓa, da ƙafarsa, zai ciko bokitin nan ya kai wa wanda ya ba shi, ya tsaya har ya kurɓa. Shi ke nan, babu doguwar godiya.

Baba ya shiga gidan 'yan zuhudu yana saurayi. Daga sharar ƙasa ya fara har ya zama sarkin tukunya, babu dahuwar da ake saukewa sai da yardarsa. Sai aka naɗa Fada Emmeram mai kula da kayan gidan. Lokacin yana ji da ƙuruciya, ya dawo daga karatu kansa cike da dabaru. Ya ce giya tana daɗewa a rami, a riƙa sauke ta da wuri. Baba ya ce giyar da ba ta nuna ba ba za ta fita ta hannunsa ba. Suka yi ta yi har ran da aka ce ya ajiye makullai. Ya ajiye. Ya ɗauki bokitinsa na jan ƙarfe, wanda maigidansa ya ba shi ran da ya ƙware, ya kwalfi yisti da rana tsaka a gaban ma'aikata, ya hawo tudun nan ya kafa 'yar tukunyarsa a tsohon garken kakana.

Da giyar farko ta nuna ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ciko bokitin, ya kama hannuna muka gangara. Ban fi shekara goma sha ɗaya ba. Fada Emmeram ya fito ƙofa, ya karɓi bokitin, ya dubi Baba, ya juye shi a kwata. Ya ce gidan Allah ba ya karɓar tukuici daga kayan sata. Har yau ina ganin kumfar nan tana bin kwata tana gangarawa kogi. Baba ya sunkuya ya ɗauki bokitinsa, ya cire hula ya ce, "A huta lafiya, Fada," muka dawo gida.

Daga ranar sunana a makaranta ya koma 'yar ɓarawon yisti. Shagunan da ke cin arzikin gidan zuhudu suka daina karɓar giyarmu. Inna ta bar layin gaba a coci ta koma na baya, daga nan ta daina zuwa kwata-kwata. Na girma na karɓi tukunyar daga hannun Baba, na raya ta da gumina, amma sunan nan bai goge ba. Ko bara na ga wani bugagge a kasuwa yana nuna Baba yana dariya.

To, wannan mutumin ne yau ke tsaye a tsakar gidanmu, ya tsufa ya ranƙwafa, hannu rabbana, ko ƙoƙo bai riƙo ba.

"Sannu da aiki, Walburga," in ji shi.

Na ce, "Ashe ka san sunana."

"Mahaifinki na ciki?"

"Wa kake nema? Ɓarawon?"

Ya kalli ruwan wankin da ke bi ta gaban takalminsa. Can ya ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba. Kin san abin da ya same mu."

"Na sani. Ta tagar ɗakina na kalla. Ruwa ya yi aiki."

"Kin kuma san al'ada."

Na ajiye burushin na miƙe. "Yau kai ne za ka koya min al'ada? Ka ji tsoron Allahn da ka sa wannan riga dominsa, Fada. Je ka birni ka sayo mana, suna da shi a leda. In ba ka samu ba ga mai burodi nan a kwana, ka roƙe shi."

"Duk wanda ya kurɓa zai gane ba namu ba ne. Ba don kaina na zo ba, akwai gidaje da yawa da ke ci a tukunyar nan."

"Mu da ka kora ba gida ba ne, ko? Bishiya ce ta haife mu."

Ban jira amsarsa ba. Na ce, "To, ji. Ran Lahadi ka hau mumbari ka ce Korbinian Haslbeck ba ɓarawo ba ne. Ka faɗa da bakinka in ji da kunnena. In ka yi haka randa zan cika maka, ba bokiti ba."

Ya ɗago ido ya ce, "Ba a sa sharaɗi a kan yisti."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in rufe shi da duka. Ina shirin ba shi amsar da na daɗe ina tanadi sai na ji ƙarar marfi a bayana. Na waiga. Baba ne yake hawowa daga ɗakin ƙasa, hannu ɗaya a bango, ɗaya riƙe da bokitin jan ƙarfen nan, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Mutumin da idonsa ya kusa mutuwa, wanda ko kofin shayi sai na riƙe masa. Ya wuce ni kamar ba na wurin.

"Barka da zuwa, Fada," in ji shi, ya cire hula. "Tun ran da ruwa ya janye nake ƙara masa abinci, na san za a zo. Yana nan yadda na fito da shi, ban taɓa gauraya shi da wani ba. Kada a bari ya sha rana a hanya. A sa shi a ramin yamma, ya fi son can."

Fada Emmeram ya karɓa bai dubi fuskarsa ba. Ya ce, "Allah ya saka," a can cikin maƙoshi, ya juya ya gangara.

Na jira har ya sha kwana, sannan na juyo kan Baba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Baba, me ka yi ke nan?"

"Nasu ne, Burgi. Riƙo na yi."

"Riƙo? Ina tare maka faɗa tun ina yarinya, na fasa wa ɗan mai gidan waya hanci saboda kai, Inna ta mutu ba ta sake shiga coci ba, kai ashe gadi kake musu? Wannan ce rana ɗaya da Allah ya kawo mana shi har gida yana roƙo, ka miƙa masa har da cire hula."

Ya zauna a kan bencin ƙofa yana haki. "Ba ni na yi yistin nan ba, ba shi ya yi shi ba. Tun kafin mu yana nan. So kike ya mutu don ki huce?"

"Eh, haka nake so."

"Ba haka na koya miki ba." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Zai kawo bokitin. Wannan karon zai kawo."

"Wanda ya zubar maka a kwata?"

"Shi ya karɓa, shi zai kawo. Ya sani."

A nan na gane abin da tsohon nan yake jira duk shekarun nan. Ba ya son mumbari, ba ya son ban haƙuri. So yake gari ya ga Fada Emmeram ya tako da ƙafarsa ya tsaya a gabansa da bokiti, don ba a kai wa ɓarawo giyar farko. Abin ya ƙara ba ni haushi, domin ni na san mutumin nan, kuma na san ba zai zo ba. Na koma kan gangunana ina dirza har sai da fatar yatsuna ta saɓule.

Duk bazarar nan Baba ba shi da wata magana sai ta gidan zuhudu. Kullum da safe yana kan benci, hancinsa a sama, in iska ta kaɗo daga kogi ya ce, "Sun ɗora." Wata rana ya ce, "Ya kama, ina jin sa." Duk ma'aikacin da ya biyo ta ƙofarmu sai ya tare shi ya tambaye shi sanyin rami da kaurin kumfa. Jikinsa kuma yana ta ja baya. Likita ya zo sau biyu, na biyun ya ja ni gefe ya ce in riƙa yi masa abin da yake so. Na ce abin da yake so ba a hannuna yake ba.

Ana gobe biki muka ji labarin an buɗe gangar farko. Baba ya sa na fito masa da rigarsa ta zuwa coci, wadda ya sa wancan karon, ta yi masa yawa yanzu kamar ta aro. Na aske masa gemu. Ya sa na wanke kofinsa mai marfi na ajiye kusa da shi. Ya zauna a ƙofa tun hantsi.

Da la'asar motar rabon kaya ta tsaya. Direban ya sauke akwati ɗaya na kwalabe a bakin ƙofa, ya ce, "An ce in ajiye muku, daga gidan zuhudu."

Na ce, "Ina bokitin?"

"Wane bokiti? Ni wannan aka ba ni."

"Ɗauki kayanka. Ka ce wa wanda ya aiko ka nan gidan giya ne, ba mu rasa abin sha ba."

Ya mayar mota yana gunaguni. Baba ya bi ƙarar motar da kunne har ta ɓace, sannan ya ce, "Yau hidima ta yi musu yawa. Wataƙila gobe." Na ɗauke kofin na kai ciki.

Washegari ya sake sa rigar, ya sake zama. Ƙararrawar coci ta yi ta bugawa, mutane suna ta gangarawa cikin wandunan fata da rigunan biki, wasu su gaishe shi, wasu su kau da kai. Daga ƙasa muna jiyo 'yan badujala da ƙamshin gasasshen alade. Rana ta yi tsaka. Na kawo masa miya ya ce a bari tukuna, ba ya son wani ɗanɗano a bakinsa. Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na kwance ƙyallen aikina na jefar a kan teburi, na ce masa ina zuwa.

Farfajiyar gidan zuhudu cike take maƙil. Dogayen tebura layi-layi, manyan baƙi a gaba, masu ɗaukar hoto suna ta kai da kawowa. A teburin da ke kusa da dandamali masu dafa giya na duk yankin ne suka zauna, kamar yadda aka saba gayyatarsu, tsoho Quirin Stadlbauer a kan gaba. Shi ne dattijonsu, da Baba suka yi koyo. Mu ba a gayyace mu ba, ba a taɓa ba.

Shugaban gidan, Fada Gotthard, yana kan jawabi. Baƙo ne daga arewa, bai daɗe da zuwa ba, ba mugun mutum ba ne, abin da aka rubuta masa yake karantawa. Ina kutsawa cikin mutane na ji yana cewa wuta ta zo, yaƙi ya zo, ruwa ya zo, amma da ikon Allah yistin gidan nan bai taɓa ƙetare wannan katanga ba. Aka tafa.

Sai na hango shi. A tsakiyar dandamali, kan wani ɗan teburi mai farin mayafi, ga bokitin Baba. An goge shi yana ta ƙyalli, an cika shi da furanni. Masu shirya wuri sun tsince shi a rami, sun ga tsohon abu mai kyau, sun yi ado da shi a matsayin kayan tarihin gidan. Fada Emmeram yana zaune ƙasa da taku uku daga gare shi, ya haɗe hannuwa a ciki. Ya gani tun safe, ya yi shiru.

Ban san lokacin da na isa gaban dandamali ba. Na tanadi zagi iri-iri a hanya, na shekara da shekaru, amma da na tsaya duk suka gudu. Abu ɗaya ya fito daga bakina, kuma ban ɗaga murya ba, sai dai na yi sa'a tafi ya lafa.

"Na zo karɓar bokitinmu."

Fada Gotthard ya dube ni ta saman gilashinsa. "Baiwar Allah, ko za ki ɗan dakata mu gama?"

"Ba zan hana ku ba. Bokitin ubana kawai na zo ɗauka, ga shi can da furanni a ciki. Tun bazara yake wurinku."

Manyan baƙi ba su gane komai ba, wasu ma dariya suka fara. Amma a teburin masu sana'a na ga kawuna suna juyawa, daga ni zuwa bokitin, daga bokitin zuwa Fada Emmeram. Tsoho Quirin ya kai kofi baki ke nan, ya sauke shi bai kurɓa ba. Ya rufe marfin, ƙas. Na kusa da shi ya rufe nasa. Haka ƙarar ta bi teburin har ƙarshe, daga nan ta tsallaka teburan mutanen gari. 'Yan badujala ma suka sauke ƙahonninsu.

Quirin ya miƙe da ƙyar, ya dogara da sandarsa. "Fada Emmeram, wancan ba bokitin Korbinian ba ne? Ina wurin aka ba shi, na san lotsewar da ke gindinsa. Me yake yi a nan?"

Fada Emmeram bai motsa ba.

"Tambaya nake yi. Da yistin wa aka dafa abin da ke cikin kofina?"

"Na gidan nan ne," in ji shi. "Asalinsa na nan ne."

"Ban tambaye ka asali ba. Daga hannun wa ka karɓa?"

Kowa ya zuba masa ido. Can Fada Emmeram ya ce, "Daga hannun Korbinian."

"Ka kai masa ta farko?"

"Na aika."

"Ka aika," in ji Quirin, ya juya ya dubi teburinsa. "Kun ji, ya aika. Mu kuma aka zaunar da mu muna shan giyar da mai yistinta bai kurɓa ba. Ni dai ban tsufa don in yi wannan abin kunya ba."

Wani ya raɗa wa Fada Gotthard magana a kunne. Fuskarsa ta yi ja. Ya ninke takardarsa ya ce, "An yi kuskure, za a gyara yanzu. A kawo mota, a cika masa ganga guda."

Quirin ya ce, "Ba ganga ba, Fada, bokiti. Ba mota ba, ƙafa. Wanda ya karɓa shi ke kaiwa. Kai baƙo ne ba ka sani ba, shi ya sani."

Fada Emmeram ya tashi. Ya zare furannin ya ajiye a kan mayafi, ya sauko ya je bakin rijiya ya ɗauraye bokitin da kansa. Ya tara a bakin gangar farko har kumfa ta taso. Wani matashin ɗan zuhudu ya miƙa hannu zai karɓa, ya ture shi. Ya bi ta tsakiyar tebura ya fita ta babbar ƙofa, ya wuce ta kan kwatar nan, ina biye da shi.

Tudunmu ba wasa ba ne ko ga mai jini a jika. Bokitin in ya cika yana da nauyi, shi kuwa ya haura saba'in. Yana canza hannu, yana ajiyewa ya huta, giya tana fantsama a rigarsa. A kwanar mai burodi ya tsaya ya daɗe, leɓɓansa sun yi fari. Na ji wani abu mai kama da tausayi yana son ya taso min, na tuna Inna, na danne shi. Da na waiga sai na ga rabin gari a bayanmu, masu sana'a a gaba, babu mai magana sai ƙarar takalma.

Na wuce shi na riga shi isa. Baba na nan inda na bar shi, miyar ta huce a gefensa.

"Burgi, hayaniyar me nake ji?"

"Bokitinka ne ke tafe."

"Wa ya ɗauko?"

"Shi."

Ya ƙura ido ga hanya, ya hango baƙin abu yana tangaɗi. Sai ya fara laluben hularsa zai cire, ya yunƙura zai tashi. "Kai, ya yi masa nauyi. Bari in je in tare shi."

Na dafa kafaɗarsa na mayar da shi kan benci. Na mayar masa da hular a kansa.

"Zauna, Baba. Bari ya ƙaraso."

Ya zauna. Ban ɗaga hannuna daga kafaɗarsa ba. Fada Emmeram ya shigo tsakar gida, ya ƙaraso har gaban benci, ya ajiye bokitin a ƙafafun Baba, ya miƙe ya tsaya yana haki. Saura bai fi rabi ba. Mutane suka cika ƙofa, wasu a kan katanga.

Na ɗebo a kofin na sa wa Baba a hannu, na tallafa masa gindin. Ya shinshina ya daɗe. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Hawaye na bin kumatunsa amma muryarsa ta fito sarai, irin wadda na sani ina yarinya in yana magana a bakin tukunya.

"Yistin na nan lafiya. Amma kun sauke ta da wuri, Fada. Har yanzu ba ka daina ba."

Wani ya tuntsire da dariya a ƙofa, aka yi masa tsawa. Fada Emmeram ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, sarkin tukunya."

Baba ya sake kurɓa. Ya ce, "Burgi, mutum ya hawo tudu. Ba shi kujera."

Na shiga ciki na ɗauko masa. Kujeru shida ne a ɗakin, na zaɓi wadda ƙafarta ɗaya ke rawa.